Ai shi haka yake da tari

Duk gidan da ake da mai asma a ƙauyukanmu na nan gefen Ringim, in ka shiga kace ya mai jiki amsa ɗaya zaka ji, "Alhamdulillahi ai bana bata tashi ba." Abinda ake nufi shine bana ba'a goya shi a mashin cikin dare an nufi asibiti ba, ba'a kifa masa abin nan na hanci ba, ba'a yi allura ba, shikenan lissafi ya ƙare. Amma ka ɗan jima a tsakar gidan zaka ji mutumin yana ta buga tari, yayi shiru ya sake, in kace to wannan tarin fa sai ace maka ai shi haka yake tun yana ƙarami. Wannan maganar ce ta dame ni, kuma ita nake so mu tattauna yau tunda ga hunturu ya kankama. Tarin nan ba halittar mutum bace, ba kuma wani ciwo bane daban da ya zo ya haɗu da asmar. Ita ce dai asmar bata kwanta ba.

Ni malamin firamare ne, da damina kuma ina gona kamar kowa. Ɗan yayata da yake zaune a gidanmu shi yake da ita, shi yasa na zama ɗan rakiya asibiti, kuma ni mutum ne mai yawan tambaya har likita ya gaji dani. Yaron da rana in ka ganshi baka cewa yana da komai, ga ci ga surutu ga tsokana. Sai dare ya raba, can wajen kafin kiran assalatu, sai ya fara. Busasshen tari ne babu kaki, ɗaya na bin ɗaya ba sarari har ya koma kakarin amai, sai kaga ya tashi zaune a bakin katifa ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu idonsa na hawaye, uwarsa ta haska fitilar waya ta tsiyayo ruwan ɗumi a filas ta bashi, ya kurɓa ya ɗan lafa ya koma ya jingina da bango don in ya miƙe sosai tarin dawowa yake. Kafin hantsi ya wuce kamar ba'a yi ba. A aji kuma sai gyangyaɗi, har an sha yi masa bulala akan bacci alhali yaro bai runtsa ba tun ƙarfe uku. A filin ƙwallo yana zagaye biyu zaka ganshi ya ja gefe ya riƙe ƙugu yana tari, kai ko dariya yayi mai yawa sai ta ƙare da tari. Kuma abinda ya rikita mutanen gida shine ba kullum ƙirjinsa yake wannan kukan mai kama da fito ba, sai suce ai in asma ce da munji ƙirjin yana kuka. To akwai masu asmar da tari kaɗai take nuna musu, musamman yara, ba lallai sai an ji fito ba.

Yadda aka yi min bayani kuma na gamsu shine, iskar da muke shaƙa tana bi ta wasu ƙananan bututu ne da suka rarrabu a cikin huhu. Mai asma cikin bututun nan nasa a kumbure yake kuma abu kaɗan ke fusata shi, da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa shi sai naman da ya kewaye bututun ya matse, majina mai kauri ta taru, hanya ta ƙuntace. Matsewar ita ce take zuwa ta tafi, ita muke gani da ido muce ta tashi. Kumburin kuwa yana nan zaune ko ranar da mutum yake jin garau. Wutar ƙaiƙayi ce, sama kaga toka kace ta mutu alhali tana ci ta ƙasa, tarin nan shine hayaƙin da yake nuna maka tana nan, ranar da iska ta kaɗa kuma ita ce ranar da ake neman mai mashin ƙarfe biyun dare.

Dalilin da yasa yafi tsananta da asuba ma ba aljanu bane kamar yadda wata gwaggonmu ta dage. Jikin kowa yana da sinadaran da yake fitarwa masu rage kumburi da buɗe hanyar numfashi, cikin dare suna yin ƙasa, don haka wajen ƙarfe 4 na asuba bututun nan sun fi ƙuntata ko ga mai lafiya, shi dai mai lafiya baya ji ne. Ka haɗa da sanyin asuba, da ƙurar katifa da bargon da aka ciro daga ƙasan akwati ba'a shanya ba, da ɗaki a rufe ruf an kunna igiyar leƙo an kuma shigo da kaskon garwashi don jin ɗumi. Ai dole.

Likitoci suna da wasu tambayoyi guda huɗu da suke auna ko asmar mutum ta kwanta, kuma kowa zai iya yiwa kansa a gida ba sai da na'ura ba. Cikin sati huɗun da suka wuce, shin tari ko sarƙewar numfashi ko nauyin ƙirji ya dame ka da rana fiye da sau biyu a sati, shin ko sau ɗaya ya tashe ka daga bacci, shin ka nemi abin shaƙa na gaggawa fiye da sau biyu a sati, sannan akwai aikin da ka saba yi da yanzu ya gagare ka saboda ita, kamar noma ko jan ruwa ko daka ko tafiya masallacin Juma'a a ƙasa. In duka a'a ne to ta kwanta. In ɗaya ko biyu eh ne to da sauran aiki, in uku ko huɗu ne to bata kwanta ba sam ko da shekara biyu rabonka da gadon asibiti. Ka lura babu inda aka tambayi sau nawa aka kwantar da kai. Ranar da aka yiwa yaron nan tambayoyin duka huɗun eh ya amsa, Yaya tana gefe tana cewa "amma likita bana fa bata tashi ba", shi kuma yace mata "Hajiya ai bata taɓa kwanciya bane balle ta tashi."

Yanzu bari in zo kan inda kuɗinmu yake tafiya, don nan ne abin yake min ciwo. Mai tari a ƙauye wajen mai kemis yake fara zuwa, kuma ban ga laifinsa ba, shine kusa, shine zai baka bashi, shine ba zaka bi layi ba. Kana cewa tari zai miƙo kwalbar maganin tari, sannan ya jawo ledar nan ƙarama ya fara yanka ƙwayoyi da almakashi yana zubawa, jan kafso biyu, fara ƙarama, rawaya, wata mai tsaga a tsakiya, ya ƙulle yace "Malam wannan haɗin safe da dare, kwana uku in sha Allahu sai labari." Kuma abin mamaki sai kaga an samu sauƙi, shi yasa ake komawa. Sirrin shine yawanci a cikin haɗin akwai firednisolon ko wani ɗan uwansa, wato sitiroyid na haɗiya, shi kuma yana kwantar da kumburin da gaske, na ɗan lokaci. Ana gama sha sati biyu uku tari ya dawo, a koma a sake karɓowa, a haka mutum zai shekara yana haɗiyar sitiroyid bai sani ba. Likita ma yana bada shi amma na 'yan kwanaki in ta tashi da ƙarfi, ba abin sha duk wata bane, yawan shansa yana kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, ga yara kuma yana taɓa girmansu. Kafson nan kuwa, su Ampiclox da sauran antibayotik, ƙwayoyin cuta suke kashewa, asma kuma ba ƙwayar cuta bace, asarar kuɗi ce kawai sai kuma koyawa cututtuka jure magani. Maganin tari na kwalba shi aikinsa ya danne tarin ko ya saka bacci, bai san hanyar huhu ba. Masu kodin a ciki ma tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yinsu da shigo dasu bayan rahoton nan na BBC da ya tona yadda matasa ke shansu, amma har yanzu in kasan wanda zaka tambaya ana samu, kuma baiwa mai sarƙewar numfashi abinda zai kashe masa jiki ya saka shi bacci mai nauyi ganganci ne.

In kemis ya gaza sai a koma wajen wanzami ace beli ne ya sauko yana sosa maƙogwaro a cire shi. Yara nawa aka cirewa beli a garin nan saboda tarin dare, suka sha jini da azaba, wata guda tari ya dawo, don abin ba'a maƙogwaro yake ba yana can ƙasa cikin ƙirji. Zuma da citta da kanumfari da habbatus sauda kuwa ni bana faɗa da kowa akansu, muma muna sha, suna laushi maƙoshi suna ɗumama jiki, a sha lafiya, banda dai jaririn da bai shekara ba shi ba'a bashi zuma. Amma kar a ajiye magani saboda su. Hayaƙin da ake turara wa mai tari a lulluɓe shi da zane kuwa, wannan kam don Allah a bari.

Abin shaƙa, inhela, iri biyu ne kuma rashin sanin haka shine rabin matsalar. Akwai na gaggawa, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yawanci shuɗi, kana shaƙa cikin 'yan mintuna zaka ji ƙirji ya buɗe don yana sakin naman nan da ya matse, awa huɗu zuwa shida ya sake ka. Baya taɓa kumburin ko kaɗan. Sai na biyu na kullum, irin su beklometason da budesonid, ko waɗanda aka haɗa magani biyu a ciki kamar Seretide da Symbicort, shi kuma in ka shaƙa beklometason yau ba abinda zaka ji, sai an juri yi safe da dare kwanaki zuwa makonni kafin kaga dare ya fara wucewa ba tari. To mu mutanenmu wanda yake aiki nan take shine magani, ɗayan kuwa sai ace na banza ne an cuce mu, a jefa shi saman kwaba. Ko kuma a jure ayi wata guda, ana ganin sauƙi a daina ace an warke, kumburi ya dawo a hankali, tari ya biyo baya. Kuma kar a dogara da kala, kamfanoni sun bambanta, a sa wanda ya iya ya karanta sunan dake jiki ko a tambayi wanda ya rubuta.

Ƙungiyar GINA, wato ƙwararrun da suke fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, tun 2019 suka daina bada shawarar a bar babba ko matashi akan shuɗin nan shi kaɗai, ko da asmarsa mai sauƙi ce, sunce lallai ya zama yana samun mai kwantar da kumburi. Gwangwanin Ventolin ɗaya fesa 200 ne a ciki, kuma an gano wanda yake shanye uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin tashi mai tsanani. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu mai injin niƙa, kusan duk wata sai ya sayi sabo, yana aljihun gaban rigarsa tare da goro, shi a ganinsa ya riƙe ciwonsa da kyau tunda baya rabuwa da magani. Na faɗa masa, yace "Malam ai ni wannan ta karɓe ni." Har yanzu ina binsa a hankali, dattijo ba'a yi masa gaggawa.

Sai tsoron da ake yi wai in ka fara shaƙa ka kamu kenan har abada, ko wai sai ciwo ya kai ƙarshe ake bada ita, har zaka ji uwa tana roƙon likita ya bada na sha ko allura kar dai a ga ɗanta da inhela, balle in 'ya mace ce ana tunanin maganar aure gobe. Inhela bata kama mutum kamar taba ko ƙwaya. Kuma ita tafi sauƙi a jiki akan na haɗiya, saboda maganin kaɗan ne kuma kai tsaye huhu yake zuwa, ba sai ya zaga ciki da jini ba, shi yasa ƙwayar salbutamol ta sha take saka rawar hannu da bugun zuciya fiye da ta shaƙa. Abinda kawai ake so bayan an shaƙi na kullum ɗin a kuskure baki a zubar, don kar ya kawo farin baki ko dashewar murya. Asma kuma ba'a ɗaukarta, ana dai iya gadon halinta a dangi, don haka ware wa yaro kwano da moɗa zalunci ne kawai.

Nasan me wasu zasu ce, Malam kana ta lissafo magunguna ka san kuɗinsu kuwa. Na sani wallahi. Tun da kamfanin GSK mai Ventolin da Seretide ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashinsu yayi tashin da talaka sai dai ya kalla. Amma ba su kaɗai bane, akwai na wasu kamfanonin masu magani iri ɗaya a ciki da suka fi araha, ka roƙi likita ya rubuta sunan maganin ba sunan kamfani ba, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka saya a wajen da ka yarda dashi don jabu yayi yawa. Sannan ka zauna kayi lissafin gaskiya, kuɗin haɗi duk wata, kwalaben maganin tari, kuɗin mashin na dare wanda kowa yasan ninki ne, kuɗin gado da allura, ranakun da ba'a je gona ko kasuwa ba. Sau da yawa zaka tarar abinda ake kashewa a tsintsinke ya kai na maganin kullum ɗin ko ya wuce, bambancin shine shi a dunƙule ake biya shi yasa yake da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum kusan miliyan 262 ne suke da asma a duniya kuma ta kashe kimanin 455,000, mafi yawan mutuwar kuma a ƙasashe irin namu take, ba don asmar tamu tafi ta Turawa zafi ba sai don ba'a gano ta da wuri kuma ba'a samun maganin da ya dace.

Wani abin kuma, ana iya sayen maganin mai tsada a riƙa fesa shi a banza. Na ga masu fesawa a baki kamar turare sannan su ja numfashi daga baya, na ga mai fesawa hayaƙin na fita ta gefen baki, duk akan harshe yake ƙarewa. Akwai wata roba da ake sakawa tsakanin inhela da baki, sifesa, in babu ita gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita tana yi, kuma wannan ba dabarar ƙauye bace, likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada ta suka wallafa a 1999 cewa aikinta ya yi kusa da na ta kanti, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ambatonta. Ga yadda muka yi tamu. Na lanƙwasa waya daidai faɗin bakin inhelar, na saka a garwashi tayi zafi, na dangwala a gindin gorar ta huda, tun robar da ɗumi na tura bakin inhelar ya zauna daram, inda ya rage 'yar kafa na naɗe da salatif. Aka wanke gorar da ruwan omo aka barta ta bushe da kanta ba'a goge cikin da tsumma ba. In za'a yi sai a girgiza inhela, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa ya rufe, a danna sau ɗaya tak, yayi numfashi a hankali ciki da waje sau huɗu ko biyar, in akwai fesa ta biyu a ɗan jira a sake girgizawa a sake. Ranar farko yana cewa "Kawu ni kunya nake ji kar yara su gani", yanzu shi yake haɗa kayansa da kansa kafin ya tafi makarantar allo.

Maganar gujewa abinda yake tayar da ita kuwa, in naji ana faɗa a rediyo wai mai asma ya nisanci ƙura dariya take bani. Ina zai je? Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga Bodele ta ƙasar Chadi ta juye mana, wata ranar hazo ko bishiyar ƙofar gida baka gani sosai. Lokacin ne kuma ake sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi a kowane gida, masu shinkafa ta wajen Haɗeja da Auyo suna fama da ɓuntu, girki kuma da kara da icce ne a madafin da bashi da taga. Ba mai iya tserewa wannan, shi yasa ma maganin kullum yafi zama dole a wajenmu akan ɗan birni mai tayil da gas. Amma akwai na hannunmu. A rataya gidan sauro a bar igiyar leƙo da fiya-fiya a ɗakin da yake kwana, a yayyafa ruwa kafin shara kuma ya fita sai ƙura ta kwanta, a riƙa fito da katifa da bargo rana, kaji da tantabaru su bar kwana kusa dashi, ranar shiƙa a bashi wani aikin ko ya tsaya ta inda iska take fitowa ya rufe hanci, mai shan taba ya fita waje can. Turaren wuta ne dai rigima, na faɗa a gida saura kaɗan a kore ni, a ƙarshe aka daidaita akan ayi shi da rana ƙofa a buɗe lokacin yana makaranta.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya yanke cewa duk tarin da ya daɗe asma ne. Tarin da ya wuce sati biyu, balle in da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, ko jini a kaki, a je a gwada tarin tibi, ana bada kaki ne a duba kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen, maganin wata shida ne kuma ana warkewa. Shi yana yaɗuwa, don haka jinkiri cutar da 'yan gida ne. Masu hawan jini da suke shan lisinofiril shima yana kawo busasshen tari ga wasu, a faɗawa likita ya canza. Ƙwannafi yana kawowa, iyayenmu mata da suka shekara arba'in a bakin murhu suna da nasu ciwon huhun daban, tsohon da yake tari in ya kwanta ga kumburin ƙafa kuma a duba zuciya. Ta ɗaya ɓangaren kuma wasu masu asmar asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna tayar musu, waɗannan kuwa sune cikin haɗin ciwon jiki da manoma ke sha kullum, haka furofanolol na hawan jini shima yana tayar da ita. Inda aka kasa ganewa a ƙaramin asibiti a nemi takardar turawa zuwa manya irin su Rasheed Shekoni a Dutse ko na tarayya dake Birnin Kudu ko Asibitin Malam Aminu Kano, akwai gwajin da ake hura iska a na'ura kafin a shaƙi magani da bayan an shaƙa a ga bambanci.

Mata masu ciki suna yawan ajiye inhela don tsoron kar ta taɓa ɗan, alhali rashin isasshen numfashin uwa shine yafi cutar dashi, a cigaba da yi a kuma faɗa a wajen awo. Azumi kuma malamai sun yi saɓani, su Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin sunce bata karya azumi, wasu sunce tana karyawa a rama, kowa ya tambayi malamin da ya natsu dashi, amma na kullum ɗin ai safe da dare ne, sahur da buɗa baki sun ɗauke shi, kuma wanda numfashinsa ya sarƙe da rana babu malamin da zai ce ya zauna ya mutu.

Akwai lokacin da ba'a jiran gari ya waye. In mutum ya kasa haɗa magana sai kalma ɗaya ɗaya, ko kaga fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana shiga ciki in ya ja numfashi, ko harshe da cikin leɓe sun sauya sun yi toka-toka, ko ya fara lumshe ido yana rikicewa, ko an shaƙa shuɗin ba sauƙi, to a zaunar dashi kar a kwantar, a bashi shuɗin ta gora fesa ɗaya ɗaya ana ɗan tsagaitawa har zuwa goma, ana yi ana neman abin hawa. In tari da fiton suka ɗauke ɗif alhali yana ta haki, wannan ba sauƙi bane, iskar ce ta daina wucewa. A tafi da inhelar da gorar a hannu don a cigaba da bashi a hanya.

In kuma zuwa asibitin na lafiya lau ne ba na gaggawa ba, to kar aje a ce wa likita "tari yake yi" kawai, don abinda zai biyo baya maganin tari ne. A samu kalanda ko bayan littafin yaro, duk daren da tari ya tashe shi a ja layi, duk ranar da ya nemi shuɗin a ja wani, a tafi da takardar. A kwashi duk abinda yake sha a leda, har gwangwanayen da suka ƙare da ragowar haɗin kemis, a zube a gaban likitan. A faɗi ko akwai mai asma ko yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata a dangi, a faɗi lokacin da yafi tsananta, hunturu ne ko farkon damina ko ranar niƙa. Sannan a ce masa ya kalli yadda ake shaƙar a gabansa ya gyara, a tambaye shi wanne ne na kullum wanne ne na gaggawa, da ranar da za'a dawo ko da an ga sauƙi.